Rabin Tarihin da Na Koya wa Yara

Na daɗe ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a nan ƙasar Kazaure, kuma asalina ɗan Achilafiya ne, ta ƙaramar hukumar 'Yankwashi. Na fara da wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri da jahilci. Abin da na aikata a ƙarshen shekarar karatu ta 2022 da sanina na aikata shi. Littattafan da ya kamata su tsawata mini suna nan jere a kan kanta a ɗakina, na karanta su, wasu ma da su na ci jarrabawa.

Ɓacin rai ne mafarin abin, kuma ɓacin ran na gaskiya ne. Ina da ɗan'uwa da yake noma a yammacin jihar Katsina. 'Yan bindiga suka ɗauke shi da tsakar dare, sai da dangi suka sayar da gona da shanun huɗa kafin a karɓo shi. Ya dawo ƙafafu a kumbure, ko ƙofa aka buga sai ya zabura. A wannan hali na riƙa kwana da waya a hannu. Facebook da TikTok kuwa sun cika da masu kiran kansu Hausa zalla, bakunansu da yawa amma zancen ɗaya ne: wai abin da ke faruwa yau a dazukan Zamfara da Katsina ci gaba ne na abin da aka fara a 1804, Fulani suka karɓe ƙasar Hausa da sunan addini, jikokinsu suke ƙarasawa da bindiga. A sa hoton ganuwar Kano, a ɗora kiɗan fada, a ambaci Bawa Jangwarzo da Yunfa da Alwali. Da farko ina kallo ina girgiza kai, don na san inda zancen yake yoyo. Sannu a hankali na daina girgiza kan. Wanda zuciyarsa ke tafasa so yake a nuna masa mai laifi guda ɗaya, mai suna da kamanni, wannan labari kuwa ya miƙo mini shi.

Ana cikin haka na ci karo da labarin wani wasa na Amurka mai suna Hamilton, wanda Lin-Manuel Miranda ya rubuta, aka fara nuna shi a birnin New York a 2015. Tarihin mutanen da suka kafa ƙasar ne bayan sun ɓalle daga Ingila a 1776, aka mai da shi waƙa irin ta samarin zamani. Wasan ya karɓu har ya taɓa hukuma, domin baitulmalin Amurka ya yi shirin sauya hoton Alexander Hamilton a takardar dala 10, a 2016 ya fasa, kuma farin jinin wasan na cikin abubuwan da aka danganta fasawar da su. Na lura Amurkawa kullum da magabatansu suke faɗan siyasar yau. Masu adawa da Obama a 2009 sunan Tea Party suka ɗauka, suna tuna boren da aka zubar da ganyen shayi a tashar jiragen ruwa ta Boston a 1773. A 2019 jaridar New York Times ta fito da wani shiri da ke neman a soma lissafin tarihin ƙasar daga 1619, shekarar da aka sauke bayi baƙar fata a Virginia, Trump kuma ya mayar da martani da kwamitin da ya raɗa wa suna 1776. Na ce a raina, mu da muke da Kano da Daura da Alkalawa, me ya hana mu ɗora namu a dandali?

Da shugaban makaranta ya ɗora mini shirya wasan kwaikwayo na bikin yaye ɗalibai, ban yi dogon tunani ba. Na zaɓi faɗuwar Muhammadu Alwali, sarkin Kano na ƙarshe a gidan Kutumbawa, wanda ya hau sarauta a 1781, masu jihadi suka karya rundunarsa a Ɗanyaya, ya gudu, aka kashe shi a Burumburum a 1807. Labari ne mai taɓa zuciya ko ba a ƙara masa gishiri ba. Ni kuwa ban ƙara ba, ragewa na yi, ragewar kuma ta fi ƙarin muni.

Na san cikin jagororin jihadin Kano akwai Malam Usman Bahaushe, wanda ake lissafa shi tare da su Malam Jamo da Malam Bakatsine da Dabon Dambazau. Na cire shi, don Bahaushe a sahun masu tuta zai ɓata mini tsari. Na san koke-koken da suka sa talakawa da makiyaya suka bi jama'ar Shehu ɗan Fodiyo, irin harajin da ya lissafa a Kitabul Farƙ, har da jangali. Na cire su, na bar Alwali sarki mai tausayi wanda baƙi suka ci amanarsa. Masu jihadi kuwa ban ba su ko jimla ɗaya ta hankali ba, sai ihu da zare takobi.

Wani abokin aikina dattijo, mai koyar da addini, ya karanta rubutun a ofishin malamai. Ya gama, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, ina Ɗantunku a wasan nan? A ƙasarsa fa za a yi shi." Na ce lokaci ne ba zai isa ba, minti arba'in aka ba mu. Ya dube ni ɗan jim, ya ce, "To, Allah ya sa a gama lafiya." Ƙarya na yi masa. Ɗantunku ba lokaci zai cinye mini ba, labarin ne gaba ɗaya zai rushe idan ya shigo, kuma na san haka tun ina ba shi amsa.

Sai rabon matsayi, inda na yi ɓarnar da ta fi kowace. A ajin akwai yara ƙalilan da ke zuwa daga rugage, da ƙafa, wasu sai sun taya tatsa kafin su kamo hanya. Ɗaya daga cikinsu siriri ne, mai shiru, yana cikin na gaba-gaba a lissafi. Na kira shi na ce shi zai fito a jarumin da ya sare Alwali. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ban iya wasa ba." Na ce ai ba wata magana mai yawa, tsayuwarka ma ta isa, kai ne kamanninka suka dace. Haka na faɗa, da bakina. Na ce ya zo da malafa da sanda daga gida don abin ya yi kama da gaske. Sauran yaran ruga na sa su a bayansa, 'ya'yan gari kuma na ba su fadawan Alwali da matan da ke kuka.

Ranar biki aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, janareta na ruri, lasifika na ƙara. Iyaye sun cika fili, ga masu unguwanni, ga 'yan siyasa a sahun gaba, don zaɓen 2023 ya ƙarato kuma ba sa wuce taro. Wasa ya yi kyau fiye da yadda na zata. Yaron da ya fito a Alwali, da rawanin aro da alkyabbar da aka ɗinka da labule, ya sa mata hawaye. Da aka zo wurin kisa, yaron ruga ya fito da malafarsa da takobin katako da aka shafa wa fenti, ya ɗaga hannu, hannun na rawa. Sai wani daga bayan fili ya ɗaga murya ya ce, "Haka suke har yau!" Aka ɗauki sowa da tafi. Ina tsaye gefen dandali, na ji maganar sarai, kuma daɗi na ji. A raina na ce saƙo ya isa. Wayoyi da yawa suna sama suna ɗauka.

Ba a jima ba guntun wurin kisan ya fara yawo a wayoyin mutane, an yanke farko da ƙarshe, an ɗora masa kiɗa. Na gan shi a wayar mai shayi, na gan shi a wayar ɗan acaɓa. Yaron wani ɗan takara ya riƙa tura shi da rubutu a ƙasa, yana nuni da asalin abokin hamayyar ubangidansa. Har aka fara kirana ana yi mini jinjina, wai na faɗi abin da malamai ke tsoron faɗa. Ban musa ba.

Da aka dawo daga hutu, kujerar yaron ba kowa. Na tambayi 'yan ajin, suka yi ta kallon juna, daga baya wata yarinya ta ce tun bayan biki ake kiransa makashin Alwali, a hanya da kasuwa, har an taɓa jifansa a bakin rijiya. Ƙannensa ma an daina sayen nonon da suke kawowa a wasu gidaje. Ko a nan ban farka ba. Na ce shirmen yara ne, zan je in rarraso shi.

Na hau babur na bi burtali har rugar. Kakansa na tarar a gindin wata bishiya a kan buzu, tsoho ƙwarai, yana tufka igiya. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura da nono a ƙwarya da ludayi. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi yara. Ina shan furar idona ya sauka a kan malafar da ke rataye a reshe saman kansa. Na gane ta nan take, da jar fatar da ke tsakiyarta da gefen da ya zare aka ɗinke da zare baƙi. Ita ce wadda ke cikin bidiyon. Ta tsohon ce, yaron ara ya yi don na ce ya zo da ita.

Na ce, "Baffa, na zo ne a kan maganar yaron nan, ya daina zuwa makaranta."

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, dama ina so in tambayi mai ilimi. An ce mun kashe wani sarki, Alwali. Ni ban san shi ba, ubana bai taɓa ambata mini shi ba. A wane gari yake?"

Babu gatse a muryarsa, tambaya yake yi don ya sani. Na buɗe baki zan ce a Kano, shekara fiye da ɗari biyu da suka wuce, sai na ji yadda amsar za ta fito a gaban wannan tsoho, na kasa. Ya ci gaba da kansa, a hankali. Ya ce shi abin da ya sani na sarauta jangali ne. Kakansa ya biya, ubansa ya biya, shi ma yana saurayi ya sha ɓoye maruƙa a daji idan an ce masu ƙirga suna tafe, har Rimi ya zo ya soke. Ya ce, "In sarautar tamu ce, malam, ba a taɓa aiko mana da rabonmu ba."

Ludayin na hannuna, na rasa inda zan ajiye shi. Ba sabon abu ya faɗa mini ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Duk abin da ya faɗa yana cikin darasin da nake bayarwa a aji biyu. Ni na koya wa yara cewa gwamnatin Abubakar Rimi ta PRP, da ta hau a 1979 lokacin muna cikin jihar Kano, ita ta soke haraji da jangali. Na san bafulatanin daji da bafulatanin fada ba su taɓa cin tuwo a akushi ɗaya ba. Na sani, na ture sanin gefe, na ɗauki yaro ɗan shekara goma sha biyar na ɗora masa jinin wani sarki da fushin ɗan'uwana da aka sace, na tsayar da shi a gaban garinsu da hular kakansa. Shi yaron yana can bayan bukka, ina hango ƙafafunsa, bai fito ba. Na tuna hannunsa da ke rawa a dandali. A ranar na ɗauka tsoron taro ne. A kan tabarmar nan na gane ya riga ni fahimtar abin da nake sa shi yi, ya ce mini bai iya wasa ba, ita ce iyakar ƙin da ɗalibi zai iya yi wa malaminsa, ni kuma na take.

A hanyar dawowa tambayar abokin aikina ta dawo mini. Ina Ɗantunku? Ibrahim Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar da nake ci nake sha a cikinta, bafulatani ne na Yarimawa, mai jihadi ne, shi ya taimaka wajen hana rundunonin Katsina da Daura haɗuwa da ta Kano. Amma da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, suka shafe shekaru suna gwabzawa a arewacin Kano, har Baturen nan Clapperton da ya iso Kano a 1824 ya tarar ana yaƙin. Sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani aka tabbatar wa Kazaure da cin gashin kanta, ɗansa Dambo ya gaje shi ya zauna a garin Kazaure. Wato yaƙin da ya haifi ƙasarmu tsakanin masu tuta ne su ya su. Haka Buharin Haɗeja ya yi wa Sakkwato tawaye a tsakiyar ƙarnin. Haka basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, Tukur da Yusufawa duk jinin Dabo ne. Gumel, da ke gabas da mu, gidan Mangawa ne, jihadi bai kawar da shi ba. Daura, da za ka je ka dawo a wuni guda daga Achilafiya, tun 1906 sarautarta ta koma gidan Haɓe da Malam Musa. Yakubun Bauchi da Shehu ya ba tuta ba bafulatani ba ne. Ta kowace kusurwa ka fita daga garinmu sai ka yi tuntuɓe da abin da ke ƙaryata wasana.

Kada a ɗauka ina wanke jihadi ne. An zubar da jini, an kama bayi, sarakuna sun yi gudun hijira zuwa Maraɗi da Tsibiri da Abuja ta da, kuma yawancin kujerun sun ƙare a gidajen Fulani. Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya ga yadda son mulki da dukiya suka shiga jama'a har ya bar su ya nufo Kano. Abdussalami, almajirin Shehu ne kuma ba bafulatani ba, ya yi wa Bello tawaye har ya rasa ransa. Shehu Laminu na Borno ya yi musayar wasiƙu da Bello yana ƙalubalantar hujjar yaƙin. Mai son tuhumar wancan zamani yana da abin faɗa ba tare da ya yi ƙarya ba, kuma da na saka waɗannan a wasan da ya fi ƙarfi, da yara sun tashi da tambayoyi a ka. Ni ba tambaya nake so su tashi da ita ba, so nake su tashi da fushina.

Jan tarihin Shehu zuwa rumfar siyasa kuma ba yau aka fara ba. Sardauna ya yi tinƙaho da zamansa jinin Bello, NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ita ma da koyarwar Shehu take yaƙar zaluncin sarakuna da 'yan doka, jagoranta Malam Aminu Kano kuwa bafulatani ne ɗan gidan malamai. Da Gwamna Ganduje ya ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a 2019, masu goyon baya suka ce ai Rano da Gaya da sarakunansu tun kafin jihadi, masu adawa suka ce an yaga gidan Dabo mai shekara 200. Aka sauke Sarki Sanusi a Maris na 2020, aka mayar da shi a Mayu na 2024, kowane ɓangare da mawaƙansa da nasa guntun tarihin. Ɗan siyasa da mawaƙi sana'arsu ke nan, kowa ya san haka, ana sauraronsu da rabin kunne. Malamin makaranta kuwa yarda ake yi da shi. Uban da ya yi tafi a ranar nan ya koma gida yana cewa ai malamin tarihi ne ya rubuta.

Ko wasan Amurkan da na ce ina koyi da shi ban koya daidai ba. Miranda da gangan ya ba baƙaƙen fata matsayin Washington da Jefferson, don ɗan kallo ya kasa cewa wannan kakan wane ne. Duk da haka masana tarihinsu sun soke shi da sassauta batun bauta, alhali Jefferson ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. Ni na bi jini da kamanni na raba matsayi, a garin da kowa ya san gidan kowa. Na sha gaya wa kaina cewa ban ce a jefi kowa ba. Wanda ya cinna wa karan gonarsa wuta ranar iska shi ma bai ce a ƙona ta maƙwabci ba.

Na roƙi tsohon gafara a ranar, ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na tsaya a taron safe na makaranta na faɗa wa ɗalibai abin da na cire daga wasan da dalilin cirewar, na ambaci Malam Usman Bahaushe da Ɗantunku da jangali. Wasu sun saurara, wasu suna ta murmushi, don wasa ya fi jawabi zama a kai. Yaron bai dawo ba. Da rani ya yi aka tura shi kudu da shanu tare da yayyensa, shekarar da ya kamata ya zauna jarrabawar fita.

Bidiyon yana nan yana yawo, an ce har a wayoyin mutanen Babura da Roni da Gwiwa an gan shi: siririn yaro da malafa mai jar fata, yana ɗaga takobin katako a kan wani mai rawani. In ya iso wayarka, ni na rubuta abin da kake kallo, kuma na ɓoye rabin gaskiya da gangan. Ina roƙonka don Allah ka goge shi, kada ka tura wa kowa.